Kafin mu ce “ba za a taɓa jikin ɗana ba”, mu san abin da ake nema a ciki

Akwai maganganu uku da ke ɗaga hankalin mutanenmu na zango a asibiti, ko a Bawku ne, ko Yendi, ko Salaga. Ta farko: “za mu ɗebi jini.” Ta biyu: “za mu ɗebi ruwan baya.” Ta uku, wadda ta fi duka: “za mu yanki ɗan nama mu aika Tamale.” Da zarar likita ya furta ɗaya daga cikinsu sai ka ga dangi sun fara kallon juna, can sai babban ya ce to, bari mu je gida mu yi shawara. Sau da yawa daga wannan shawarar ba a sake ganin mara lafiya ba, sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga. In kuwa rasuwa aka yi, aka ambaci binciken gawa, ai magana ta ƙare tun ba a fara ta ba.

Ra'ayina shi ne wannan gudun da muke yi yana cin rayukan 'ya'yanmu da matanmu, kuma lokaci ya yi da za mu sauya shi da wani abu da ya fi shi amfani: mu yarda, amma da sharuɗɗa, kuma mu nemi haƙƙinmu a kan abin da aka ɗiba a jikinmu. Sai dai mutum ba ya gindaya sharaɗi a kan abin da bai fahimta ba. Don haka bari mu fara da tambayar da ba kasafai ake tsayawa a amsa mana ba a asibiti: wai me ake yi da ɗan naman nan?

Ƙugiyar da ke kama abu ɗaya

Jikin ɗan Adam yana ƙera wasu ƙananan furotin da likitoci ke kira antibodi. Aikinsu kamu ne. Kowanne yana da abin da yake kamawa, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, jikin kan ƙera antibodi iri-iri masu maƙale mata, su nuna wa sauran sojojin garkuwa cewa ga baƙo nan.

A shekarar 1975, a birnin Kambirij na Ingila, wasu masana biyu, Georges Köhler ɗan Jamus da César Milstein haifaffen Ajantina, suka gano yadda za a ƙera antibodi iri ɗaya tak, da yawa, ba ƙarewa. Sun ɗauki ƙwayar halitta mai ƙera antibodi daga saifar ɓera, suka haɗe ta da ƙwayar kansa wadda ba ta daina hayayyafa. Abin da ya fito ya gaji halin iyayen biyu: yana ƙera antibodi, kuma yana ta haihuwa a cikin kwalba. Duk zuri'arsa daga uwa ɗaya suke, abu ɗaya suke kamawa. Shi ake kira monokulonal, wato antibodi mai tushe ɗaya. An ba su kyautar Nobel a 1984 tare da Niels Jerne.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne da bai shafe mu ba. Ɗan farin allon nan da nas ke ɗiga jinin yatsan yaro a kai a asibiti ko a cibiyar CHPS, a jira minti 15 zuwa 20 a ga layi ɗaya ko biyu, to irin wannan antibodi ne aka shafa a cikinsa. Yana kama wani furotin da ƙwayar maleriya ke fitarwa, mai suna HRP2. Abin gwajin ciki da mata ke saya a kantin magani, shi ma haka yake aiki. Ashe mun daɗe muna hulɗa da abin nan, sunansa ne kawai ba a gaya mana ba.

Yanzu sai mu zo ga tsokar. Ƙwayoyin garkuwar jiki ba sa aiki a shiru, aike suke yi wa juna. Suna sakin wasu furotin da ake kira saitokayin, waɗanda za mu iya kira 'yan aike. Wani ɗan aiken yana cewa a ɗaga zafin jiki, wani yana cewa a taru a wuri kaza, wani kuma yana cewa ya isa haka, a koma gida. In aiken ya tafi daidai, mutum ya warke. In shelar ta yi yawa, sai ta zama kamar gobara ta kama ɗakin ƙasa, unguwa ta fito kowa da bokitinsa, wutar ta mutu amma ruwan ya rushe ɗakin. Da yawa daga masu mutuwa da cuta mai tsanani, wannan ruwan ne ya ƙarasa su.

'Yan aiken nan ba sa ganuwa ko da madubin likita, don ba su da launi kuma ƙanƙantarsu ta wuce misali. A nan ne antibodi mai tushe ɗaya ke shigowa. Ana saka ɗan yankin tsoka a ruwan fomalin don kada ya lalace, a daskarar da shi cikin kaki, a fere shi siriri fiye da silin gashi, a shimfiɗa a kan gilashi. Sai a zuba masa antibodin da ke kama ɗan aike guda. Duk inda ɗan aiken yake, nan antibodin zai maƙale, sannan a sa wani sinadari da zai rina wurin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, kamar lalle da ke kama inda aka ɗora shi kawai. Mai duba madubi sai ya ga a wane sashe na ƙwaƙwalwa ko hanta ko nono aka yi shelar, kuma wa ya yi ta. Abin da ake yi da ɗan naman ke nan. Ba a sayar da shi, ba a tsafi da shi, karanta shi ake yi.

Abin da maleriya ta koya wa likitoci

Kowace damina mun san abin da ke faruwa a Jihar Gabas ta Sama. Yaro na wasa da safe, da yamma jiki ya yi zafi, cikin dare ya fara sanƙarewa, ido ya kafe, bai san wanda ke kansa ba. A gida sai a ce iska ce ko tsuntsu ya bi ta kansa. A asibiti ana kiranta maleriyar ƙwaƙwalwa. Tambayar da ta daɗe tana damun likitoci ita ce, me ya sa wasu yaran ke rasuwa ko bayan an ba su maganin da ke kashe ƙwayar cutar?

A 1990, masu bincike a Gambiya suka auna wani ɗan aike mai suna TNF a jinin yara. Suka tarar a jikin yaran da maleriyar ƙwaƙwalwa ta kashe, ya ninka na masu zazzaɓi mai sauƙi kusan sau goma. Hankali ya ce to a toshe bakin wannan ɗan aiken mana. Aka ƙera antibodin da ke kama TNF, aka gwada shi a kan yara 610 a Gambiya, aka fitar da sakamako a 1996. Bai rage mutuwa ba, kuma an fi samun naƙasar ƙwaƙwalwa a cikin waɗanda aka ba shi. Darasin ya yi ɗaci, amma ya nuna cewa abin da aka gani a jinin hannu bai isa ya gaya maka abin da ke faruwa a cikin kai ba. Dole a duba can.

A Malawi an duba. Likita Terrie Taylor da abokan aikinta a Blantyre sun nemi izinin iyaye suka binciki gawarwakin yaran da aka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su. A sakamakon da suka fitar a 2004, cikin yara 31, guda 7 wata cutar ce daban ta kashe su. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jini kam, kamar yawancin yaran ƙauye a damina, amma ba ita ta yi kisan ba. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Yara nawa a garuruwanmu aka yi wa maganin abin da ba shi ke damunsu ba, aka rufe su, aka rufe amsar tare da su?

A nan Ghana ma an yi irin wannan aikin. A 2005, Henry Armah da abokan aikinsa na makarantar likitanci ta Jami'ar Ghana da asibitin Korle Bu sun wallafa abin da suka gani a ƙwaƙwalwar yaran da maleriya ta kashe. Da antibodi suka rina tsokar, suka ga 'yan aike irin su TNF da IL-1 da kuma furotin masu sa jajayen ƙwayoyin jini su manne a bangon jijiya, kuma abin ya fi ƙarfi a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya. A 2007 kuma aka nuna wani ɗan aike mai suna CXCL10 ya yi yawa a ruwan bayan yaran da cutar ta kashe. Irin wannan sanin ne ake ginawa a kai, a samu gwajin da zai gaya wa nas tun da wuri wane yaro ne ke cikin haɗari.

Kuma wannan fage ba na baƙi ba ne kaɗai. Farfesa Gordon Awandare, wanda ya jagoranci kafa cibiyar WACCBIP a Legon a 2014, ɗan Kandiga ne, nan cikin jiharmu. Karatunsa na digiri na uku a kan 'yan aiken garkuwa ya yi shi, da yadda suke da hannu a ƙarancin jinin da maleriya ke jawo wa yara. In ɗan Kandiga zai kai can, me zai hana ɗan zangon Bawku ko 'yar zangon Yendi?

Masu rai sun fi bukata

Kada a ɗauka maganar ta matattu ce kawai. Wadda ta fi cutuwa da wannan tsoron ita ce matar da ta ji ƙullutu a nononta. Ta ɓoye wata shida don kunya. Da ta je asibiti aka ce za a ɗebi ɗan nama, sai maƙwabciya ta ce kul, in ƙarfe ya taɓa shi yaɗuwa zai yi. Sai aka koma shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har ya fashe.

'Yan uwana mata, ku saurara. Kansar nono ba iri ɗaya ba ce. Ana rina ɗan naman da antibodi don a nemi alamomi uku. In an ga alamar da ke nuna cutar na cin abinci daga sinadarin mata, akwai ƙwayar magani irin su tamoxifen da ake sha a gida, mai sauƙin kuɗi. In an ga alamar HER2, akwai allurar trastuzumab, wadda ita kanta antibodi ce mai tushe ɗaya, da aka fara amfani da ita a 1998. In babu ko ɗaya, to wata hanyar za a bi, kuma binciken da aka yi a asibitin Komfo Anokye na Kumasi ya nuna wannan nau'in mai wuyar sha'ani ya fi yawa a matan Ghana fiye da fararen matan Amurka. Ba tare da ɗan naman nan ba, likita lalube yake yi a duhu, yana iya ba ki maganin da ba zai taɓa cutarki ba, ki kashe sidin da ba ki da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Haka batun ruwan baya a lokacin sanƙarau. Muna cikin yankin da cutar ke tashi duk rani, daga hunturu zuwa farkon ruwa. Rigakafin MenAfriVac da aka yi a jihohin Arewa a 2012 ya karya lagon nau'in da ake kira A, amma akwai wasu nau'o'in da kuma wasu ƙwayoyin cuta daban masu kawo irin wannan sanƙarewar wuya. Ruwan bayan ne ke faɗin wace ce. Yaron da ya rasu bayan an ɗebi ruwan, yawanci cutar ce ta riga ta ci ƙarfinsa kafin a kawo shi, amma allurar ce idonmu ya gani, sai muka ɗora mata.

Tsoron yana da tushe

Ba zan ce mutanenmu wawaye ba ne don suna ɗari-ɗari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun naƙasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba kuma ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. An sha shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Labarin nan ya iso zangunanmu ta rediyo da bakin fatake, kuma har yau bai bar zukata ba. A Amurka ma, a 1951 an ɗebi ƙwayoyin kansar wata baƙar mata, Henrietta Lacks, ba da saninta ba, aka yi shekaru ana bincike da kasuwanci da su danginta ba su da labari. Nan gida, a 2015, an dakatar da gwajin rigakafin Ebola a Hohoe bayan jama'a da 'yan majalisa sun tayar da jijiyar wuya, don ba a yi wa mutane bayani tun farko ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma mu duba abin da ƙin yarda baki ɗaya ya haifar. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Najeriya a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Ghana. 'Ya'yan wa suka gurgunce? Namu. Kamfanin da aka yi fushi da shi ko a jikinsa.

Mu duba kuma ɗaya ɓangaren, wanda yake nan kusa da mu. Cibiyar binciken lafiya ta Navrongo ta faro ne a 1988 da gwajin ba yara sinadarin bitamin A, aka ga mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 19 cikin 100. A can ne Fred Binka da abokan aikinsa suka nuna a 1996 cewa gidan sauro mai magani ya rage mutuwar yara da kashi 17 cikin 100. Tsarin CHPS, da ya kawo nas cikin ƙauye, daga gwajin Navrongo ya fito. Iyayen ƙasar Kasena da Nankana ne suka buɗe ƙofofinsu, suka ba da jini, suka amsa tambayoyi shekara da shekaru, mu kuma muna kwana cikin gidan sauron. Mai cin moriyar abu ya kamata ya tambayi kansa me shi ya zuba a ciki.

A Mali, ƙasar Musulmi 'yan uwanmu, an gwada antibodi mai tushe ɗaya a matsayin kariya daga maleriya. A sakamakon 2022, wanda ake kira CIS43LS ya kare manya daga kamuwa da kusan kashi 88 cikin 100 na tsawon wata shida. A 2024 kuma aka nuna allura ɗaya ta L9LS ta rage zazzaɓin maleriya da kashi 77 cikin 100 a yara 'yan shekara 6 zuwa 10. Daminarsu irin tamu ce, gajeriya mai zafin sauro. Maganin Ebola mai suna Ebanga daga jinin wani mutum aka samo shi, wanda ya tsira daga annobar Kikwit ta 1995 a Kwango. Mutum ɗaya ya miƙa hannu, aka samu magani.

Akwai kuma dalilin da ya sa dole a riƙa duba jininmu mu kanmu. A wasu ƙasashe ƙwayar maleriya ta daina fitar da furotin HRP2 ɗin nan, sai allon gwajin ya nuna babu cuta alhali yaro na fama da ita. A Eritiriya abin ya kai an sauya irin allon gwajin a 2016. In irin wannan ƙwayar ta fara yawo tsakanin Bawku, Pusiga da kan iyakar Togo da Burkina Faso, ta yaya za a sani in ba a ɗebi jinin mutanen wurin an duba ba?

Me addini ya ce?

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma malamanmu sun fi ni sani. Musulunci ya girmama gawa, ya hana wulaƙanta ta, ya yi umarni da gaggauta jana'iza. Babu mai jayayya da wannan. Amma malaman zamaninmu sun zauna a kan batun. A 1987, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta binciken gawa don gano dalilin mutuwa a shari'a, da gano cututtuka don a kare sauran jama'a, da kuma koyar da likitanci, tare da sharuɗɗa: a tsaya iya bukata, a nemi izini a inda ya dace, mata su duba mata in akwai hali, a binne duk abin da aka cire.

Ballantana yanzu akwai hanyar da ba a buɗe gawa. Allura ake sakawa a ɗebo ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba daga huhu, hanta da ƙwaƙwalwa, cikin ɗan lokaci a miƙa wa dangi gawarsu, a yi wanka da sutura ba tare da an ga yanka ba. Shirin CHAMPS, da aka fara a 2015 don gano abin da ke kashe ƙananan yara, yana amfani da wannan hanyar a ƙasashe da dama, ciki har da Mali da Bangaladash, inda Musulmi ne mafi rinjaye. Ya kamata limamanmu da ofishin Limamin Ƙasa su zauna da likitoci Musulmi, waɗanda muke da su yanzu alhamdu lillahi, su fitar mana da matsaya a rubuce, da Hausa, wadda za a karanta a masallatan Juma'a. Uban da ɗansa ya rasu da asuba ba shi ne zai warware mas'alar fiƙihu a bakin ɗakin ajiye gawa ba.

Kuma neman sanin cuta ba baƙon abu ba ne a gadonmu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete Karachi a 1934, ya rubuta waƙa a kan annobar murar 1918, yana siffanta yadda take kama mutum. Abin da idonsa ya gani ya rubuta don na baya su sani. Ita wannan annobar, ba a gane ainihin ƙwayarta ba sai da masana a Amurka suka koma kan 'yan yankunan huhun da aka adana cikin kaki tun 1918, suka fara karanta ta a 1997, suka kammala a 2005. Ɗan naman da aka ajiye ya ba da amsa bayan shekara kusan tamanin.

Sharuɗɗanmu

To in mun yarda, a kan me? Na farko, bayani da harshen da mutum ke ji. Takardar neman izini da Turanci, a dangwala wa tsohuwa yatsa, wannan ba izini ba ne. A fassara da Hausa, Kusal, Mampruli, Bisa, Dagbani, Gonja, a kuma bar mutum ya tambaya har ya gamsu.

Na biyu, a rarrabe mana tsakanin gwajin da ake yi don maganin mara lafiya da binciken da ake yi don amfanin na gaba. Na biyun mutum na da ikon cewa a'a, kuma ba za a hana shi magani don ya ƙi ba. Duk wanda ya zo da bincike, a tambaye shi takardar amincewar kwamitin ɗa'a na Hukumar Lafiya ta Ghana. In gwajin magani ne, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta wajabta izinin hukumar FDA. Sarkin zango da ɗan majalisar unguwa suna da ikon cewa a nuna musu.

Na uku, a gaya mana ina za a kai abin da aka ɗiba, shekara nawa za a ajiye shi, kuma ko za a fitar da shi ƙasar waje. Na huɗu, sakamako ya dawo. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane rai: a zo da farar mota a ɗebi jini, a tafi, shiru kake ji. Uwar da ta yarda a duba gawar jaririnta tana da haƙƙin a zaunar da ita a gaya mata abin da aka gani, musamman in abu ne da zai iya shafar cikinta na gaba.

Sai kuma abin da muke bin gwamnati. Ɗan naman da aka yanka yana da lokaci. In bai shiga fomalin da wuri ba, ko ya daɗe a ciki fiye da kima, rinin ba zai kama daidai ba, sakamakon ya zama ƙarya. Su kansu antibodin sai a firiji, kuma da dala ake sayo su daga waje. Yanzu ka haɗa wannan da nisan Bawku zuwa Tamale, da halin da hanyar Bolga take ciki, da dokar hana fita da rikicin garin nan ya jawo mana, da ma'aikatan lafiya da ke neman a sauya musu wurin aiki don tsoron rayukansu. Duk harsashin da aka harba a Bawku, akwai mara lafiyar da ya kashe a kan gado ba tare da ya taɓa shi ba. Muna bukatar a ƙarfafa ɗakin binciken tsoka na asibitin koyarwa na Tamale da na Bolgatanga, a tsara motar da ke kwasar samfuri daga asibitocin gundumomi a ranaku sanannu, sakamako ya dawo ta waya, kuma inshorar lafiya ta ɗauki kuɗin rinin nan don kada talaka ya tsaya a rabin hanya. Masu neman ƙuri'armu su ji wannan daga bakinmu, ba buhun shinkafa da sukarin azumi kaɗai ba.

Mu ma akwai namu. Attajiran zango da ke kai mutane Hajji kowace shekara, Allah Ya saka musu, amma su ɗauki nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya su karanta aikin ɗakin gwaje-gwaje a UDS ta Tamale ko a Legon. Ranar da matar zango za ta shiga asibiti ta tarar 'yar maƙwabciyarta ce za ta ɗebi naman, ta yi mata bayani da Hausa tana kiranta Inna, rabin tsoron nan ya tafi.

Gobe in likita ya ce za a ɗebi wani abu a jikin naka, kada ka ce bari mu je gida. Ka zauna ka tambaye shi: me za a nema, yaushe sakamako zai fito, wa zai gaya mini, me zai faru in ban yi ba? In ya amsa ka gamsu, ka ce bismilla. In ya ƙi amsawa, ka nemi na gaba da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar mana da Bawku lafiya.